Bayan sallama daga asibiti: Abin da binciken haɗin gwiwa ya gano game da waɗanda suka tsira daga sefsis

A al'adar asibitocinmu, ranar da likita ya sa hannu a takardar sallama ita ce ranar da ake rufe fayil ɗin majiyyaci. Masu jinya su naɗe tabarma, su tattara kwanuka da buta, maƙwabta su yi ta shigowa barka da arziki, a kundin asibiti kuma a sa sunan mutum cikin jerin waɗanda suka samu sauƙi. Haka ake yi a Gombe, haka kuma ake yi a kusan kowane asibiti a ƙasar nan.

Sai dai bincike-binciken da likitoci na ƙasashe daban-daban suka gudanar tare tun daga 2010 sun nuna cewa ga wanda ya tsallake rijiya da baya daga cutar sefsis, watannin farko bayan komawa gida na cikin lokuta mafiya haɗari a rayuwarsa. Wasu na rasuwa a ɗakunansu makonni kaɗan bayan an yi musu barka. Wasu na rayuwa da raunin jiki, mantuwa, ciwon ƙoda ko firgici na tsawon shekaru. Da yake ba kasafai labarinsu ke komawa ga asibitin da ya sallame su ba, ƙididdiga takan wuce su ba tare da ta lura da su ba.

Mene ne sefsis?

Sefsis, wanda wasu ke kira gubar jini, yanayi ne da ke aukuwa idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki ta tashi yaƙarta, amma yaƙin ya wuce gona da iri har ya juya kan jikin kansa. Jijiyoyin jini su saki, bugun jini ya faɗi, jini ya daskare a ƙananan hanyoyinsa, sannan ƙoda, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa su fara gazawa. Ma'anar da ƙwararru na duniya suka amince da ita a 2016 ta ɗora muhimmanci a kan wannan gazawar ta sassan jiki, domin ita ce ke bambanta sefsis da zazzaɓi na yau da kullum.

Kusan kowace cuta mai yaɗuwa na iya kai mutum ga wannan hali. Akwai namoniya, taifot musamman idan ta huda hanji, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ciwon mafitsara, gyambon da ya ruɓe, zazzaɓin da ke kama mai jego bayan haihuwa, da cibiyar jaririn da ƙazanta ta shiga. Alamominsa sun haɗa da numfashi da sauri, rikicewar hankali, ƙarancin fitsari, sanyin hannu da ƙafa, da zafin jiki mai tsanani ko kuma sanyin jiki fiye da ƙima.

Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a watan Janairun 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 an samu mutum miliyan 48.9 da suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 daga cikinsu suka rasu. Wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya a wannan shekarar na da alaƙa da shi. Kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ne, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka rasu sun kai miliyan 2.9.

Wannan lissafin na da ɗaya fuskar da ba a cika dubawa ba. Idan an cire miliyan 11 daga miliyan 48.9, saura kusan miliyan 38. Su ne waɗanda suka rayu, kuma halin da suke shiga bayan an sallame su shi ne abin da masu bincike suka fara bi diddigi. Babban Taron Lafiya na Duniya, a ƙudurin da ya zartar kan sefsis a watan Mayun 2017, ya sa kula da waɗanda suka tsira cikin abubuwan da ya buƙaci ƙasashe su mayar da hankali a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta na farko kan cutar a watan Satumban 2020, kuma ranar 13 ga Satumban kowace shekara ita ce ranar yaƙi da sefsis ta duniya.

Abin da ke biyo bayan sallama

Binciken da ya fara jawo hankalin likitoci sosai ya fito ne daga Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2010. Dokta Theodore Iwashyna da abokan aikinsa sun yi amfani da bayanan tsofaffi 1,194 waɗanda aka daɗe ana bibiyar lafiyarsu tun kafin su kamu da sefsis, abin da ya ba da damar kwatanta mutum da kansa kafin ciwo da bayansa. Sun gano cewa masu matsakaiciya ko babbar matsalar tunani da ƙwaƙwalwa sun ƙaru daga kashi 6.1 cikin 100 zuwa kashi 16.7. Haka kuma mutumin da a da yake yi wa kansa komai yakan fito da sababbin gazawa ɗaya ko biyu, kamar kasa yin wanka, sa tufafi ko tafiya ba tare da taimako ba.

A 2018 likitoci biyu, Hallie Prescott da Derek Angus, suka tattara abin da aka sani zuwa lokacin a mujallar JAMA. Taƙaitawarsu ita ce, cikin manyan da aka sallama bayan sefsis, kimanin rabi ne ke murmurewa sosai, kashi ɗaya bisa uku na rasuwa cikin shekarar da ta biyo baya, kashi ɗaya bisa shida kuma na zama da naƙasa mai tsanani. Kimanin kashi 40 cikin 100 ana sake kwantar da su a asibiti cikin kwana 90, kuma sau da yawa saboda matsalar da za a iya magance ta da an gano ta da wuri. A ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, sun ambaci fargaba a kashi 32 cikin 100, ciwon damuwa a kashi 29, da alamomin firgicin da ke biyo bayan tashin hankali a kashi 44.

Daga Jamus kuma, masu bincike na Jami'ar Jena sun duba bayanan inshorar lafiya na mutum 116,507 da suka tsira daga sefsis, suka wallafa sakamakon a 2021. Kusan uku cikin huɗu sun samu wani sabon ciwo na jiki, na tunani ko na ƙwaƙwalwa cikin shekarar farko. Kusan kashi 31 cikin 100 sun rasu cikin wannan shekarar. Binciken ya kuma nuna cewa matsalar ba ta tsaya kan tsofaffi ko waɗanda aka kwantar a sashen kulawa ta musamman ba, domin ta shafi matasa da ma waɗanda ciwonsu bai yi tsanani sosai ba.

Dalilin da jiki ke daɗewa bai dawo daidai ba

Likitoci sun gano dalilai da dama. Na farko, garkuwar jiki takan fito daga wannan yaƙi a gajiye. Makonni ko watanni bayan sallama tana iya kasa tunkarar ƙwayoyin cutar da a da ba sa yi mata komai, shi ya sa sake kamuwa da cuta ke kan gaba cikin dalilan komawa asibiti.

Na biyu shi ne tsoka. Kwanciya ta kwanaki da rashin cin abinci, haɗe da kumburin da ciwon ke haddasawa a cikin jiki, suna narkar da tsoka da sauri, har da wadda ake numfashi da haɗiya da ita. Manomin da a da yake yini yana huɗa zai iya tarar da cewa zuwa masallacin unguwa ma sai ya tsaya ya huta a hanya. Raunin haɗiya kuma yakan sa abinci ya sarƙe ya faɗa huhu, ya haifar da sabuwar namoniya.

Na uku, ƙwaƙwalwa na cutuwa idan bugun jini ya faɗi ko iskar oksijin ta yi ƙaranci. Wanda ya yi sambatu da fita hayyaci a lokacin ciwo ya fi fuskantar mantuwa da rashin natsuwa daga baya. Ga jarirai, illar kan bayyana ne a hankali, ta hanyar jinkirin zama, tafiya ko magana, ko raunin ji da gani.

Na huɗu, ƙodar da ta samu rauni a lokacin sefsis ba kullum take komawa yadda take ba, kuma tana iya ci gaba da lalacewa a ɓoye har ta kai ga buƙatar wankin ƙoda. Haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ma yakan ƙaru. A inda jini ya daskare ya toshe hanyar yatsu ko ƙafa kuwa, wani lokaci sai an yanke gaɓar kafin a ceci rai.

Abin da aka gano a Afirka

Mafi yawan waɗancan alƙaluman sun fito ne daga tsofaffin Amurka da Turai, inda akwai inshora da kundin bayanai na kwamfuta. Mai sefsis a Afirka kuwa sau da yawa jariri ne, ko yaro, ko mai jego, ko magidanci mai ƙarfi a jika. Saboda haka sakamakon binciken da aka yi a nahiyar ya fi kusa da abin da iyalai a Gombe ke fuskanta.

A Yuganda, masu bincike na ƙasar tare da takwarorinsu na Jami'ar British Columbia ta Kanada sun bibiyi yara fiye da 6,000 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar bisa zargin sefsis. Sakamakon da suka wallafa a 2023 ya nuna cewa fiye da yara 5 cikin kowane 100 da aka sallama sun rasu cikin wata shida. Rabin waɗannan mace-macen sun auku ne cikin kusan wata ɗaya bayan sallama, kuma kusan rabin yaran a gida suka cika, wasu kuma a kan hanyar komawa asibiti. Yara masu tamowa da waɗanda iyaye suka ɗauke ba da iznin likita ba suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari.

Wata ƙungiyar bincike mai suna CHAIN ta bibiyi yara 3,101 masu shekaru ƙasa da biyu a asibitoci tara na ƙasashe shida, wato Burkina Faso, Kenya, Malawi, Yuganda, Bangaladash da Pakistan. Cikin yara 350 da suka rasu, kashi 48 cikin 100 sun rasu ne bayan an sallame su. Binciken, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa halin da uwa ke ciki, kamar lafiyar tunaninta da samun kuɗin shigarta, na da tasiri a kan ko yaro zai rayu bayan ya koma gida.

A ɓangaren manya, wani bincike a birnin Blantyre na Malawi ya bibiyi majiyyata 225 masu sefsis. Kashi 18 cikin 100 sun rasu cikin kwana 28, amma da aka kai kwana 180 adadin ya hau zuwa kashi 31. Tarin fuka ne ya fi kowace cuta yawa a cikinsu, kuma akasarinsu na ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Darasin a nan shi ne, idan ba a gano ainihin cutar da ta haddasa sefsis ba, mutum na iya samun sauƙi na ɗan lokaci alhali tushen ciwon na nan daram.

Akwai kuma cututtukan da yankinmu ya sani sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya na zama da matsala mai ɗorewa, kamar kurumta, farfaɗiya ko raunin gaɓoɓi, kuma kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na waɗanda suka warke daga zazzaɓin Lassa na samun matsalar ji. Gombe na cikin jihohi bakwai da annobar sanƙarau ta shafa tsakanin watan Oktoban 2023 da Maris ɗin 2024, inda hukumar ta ƙirga mutum 1,742 da ake zargin sun kamu da 153 da suka rasu. Sauran, waɗanda suka fi 1,500, sun koma garuruwansu da makarantunsu.

Me ya sa sai an haɗa gwiwa?

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan fanni maganar ta zauna daidai. Kafin a iya cewa wata matsala ta samo asali ne daga sefsis, ana buƙatar dubban majiyyata da za a bibiya na wata shida, shekara ɗaya ko fiye, a kuma kwatanta su da waɗanda aka kwantar saboda wasu cututtukan. Asibiti guda ba zai tara wannan adadi cikin lokaci mai ma'ana ba. Ana kuma buƙatar likitan yara, na ƙoda, na ƙwaƙwalwa, masu gashin gaɓoɓi, ma'aikatan ɗakin gwaji, masana ƙididdiga da ma'aikatan lafiya na unguwa, dukkansu suna auna abu ɗaya da ma'auni ɗaya.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Abin da ya yi aiki a wata nahiya na iya cutarwa a wata. A 2011 aka wallafa sakamakon gwajin FEAST, wanda aka gudanar kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a Kenya, Yuganda da Tanzaniya. A lokacin, ƙa'idar da aka ɗauko daga ƙasashe masu arziki ita ce a ɗura wa irin waɗannan yara ruwa mai yawa ta jijiya cikin gaggawa. Gwajin ya nuna cewa kimanin kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka yi wa haka sun rasu cikin awa 48, alhali kashi 7.3 ne suka rasu cikin waɗanda aka ƙara wa ruwa a hankali. Da ba a yi gwajin a asibitocin Afirka ba, da an ci gaba da bin ƙa'idar da kyakkyawar niyya.

Wannan fahimta ce ta haifar da Ƙawancen Afirka kan Sefsis a 2016 da Sanarwar Kampala ta 2017. Daga baya aka kafa shirin ARCS, wanda ya haɗa Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool da cibiyoyi a Yuganda, Malawi da Gabon, sai kuma shirin STAIRS da gwamnatin Jamus ke tallafawa tun 2023, wanda Najeriya na cikin ƙasashen Afirka bakwai da ke cikinsa.

Arewacin Najeriya ma ya taka rawa. Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano na cikin cibiyoyi 12 na ƙasashe bakwai da suka gudanar da binciken BARNARDS tare da Jami'ar Cardiff, wanda ya ƙunshi jarirai 36,285, kuma ya nuna yadda ƙwayoyin cutar da ke haddasa sefsis ga jarirai suka fara bijire wa magungunan da aka saba ba su. Zariya kuma na cikin wuraren da aka yi gwajin AFRINEST, wanda sakamakonsa na 2015 ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar yi wa jarirai magani a ƙaramin asibiti idan kai su babban asibiti bai yiwu ba.

Inda Gombe ta tsaya

Gombe ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, wato Borno, Yobe, Bauchi, Taraba da Adamawa, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke birnin na karɓar majiyyata daga cikin jihar da maƙwabtanta. An kafa shi a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, daga baya aka ɗaga darajarsa zuwa asibitin koyarwa, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Gombe ke samun horo. Wannan matsayi na nufin majiyyacin da aka sallama na iya komawa Bolari ko Pantami, yana kuma iya komawa wani ƙauye a Nafada, Dukku ko Balanga, ko ma wata jihar, inda dawowa ganin likita ke cin kuɗin mota na mutum biyu da yini guda na aiki.

Jihar ba baƙuwa ba ce ga binciken haɗin gwiwa. A Kaltungo ne aka gwada magungunan dafin maciji na EchiTAb kan mutum 400 da kububuwa ta sara, a wani aiki da ya haɗa likitocin Najeriya da masana daga Liverpool, Oxford da Kosta Rika, aka kuma wallafa sakamakonsa a 2010. Haka nan shirin IDEAS na Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ya yi shekaru yana aiki da Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Gombe kan lafiyar mata masu haihuwa da jarirai, ciki har da nazarin aikin mata ma'aikatan lafiya na ƙauye a mazaɓu 57 cikin 114 na jihar. A ƙarƙashin wannan shirin ne aka gwada bibiyar matan da suka haihu a asibitocin jihar ta wayar salula, aka wallafa abin da aka gano a 2022.

Waɗannan su ne ainihin kayan aikin da bibiyar masu tsira daga sefsis ke buƙata: babban asibiti mai ɗakin gwaji, jami'a, ƙananan asibitoci a mazaɓu, ma'aikatan da ke shiga gida-gida, da gogewa wajen neman majiyyaci ta waya bayan ya tafi. Tambayoyin da irin wannan aiki zai amsa a bayyane suke. Cikin kowane mutum 100 da aka sallama, nawa ne ke raye bayan wata shida? Nawa suka koma gona, kasuwa ko makaranta? Nawa ne iyali suka kashe, me kuma suka sayar? A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya ke fitowa kai tsaye daga aljihun jama'a, amsar tambaya ta ƙarshe na da amfani ga hukumomin inshorar lafiya kamar GoHealth ta jihar Gombe, wajen tantance abin da ya kamata tsarinsu ya ƙunsa bayan sallama.

Akwai kuma batun harshe. Gwaje-gwajen da ake auna ƙwaƙwalwa da su an tsara su ne don masu karatun boko. Akan ce wa mutum ya zana fuskar agogo, ko ya faɗi kwanan wata na Miladiyya, ko ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Dattijon da ke lissafin lokaci da salloli biyar da watannin Musulunci na iya faɗuwa wannan jarrabawa alhali hankalinsa garau yake. Don haka dole ne a sake gina tambayoyin da Hausa, Fulatanci, Tangale, Tera, Waja da sauran harsunan jihar, a kuma gwada ingancinsu kafin a dogara da su. Wannan aiki ne da sai 'yan ƙasa za su iya yin sa.

Amana da haƙƙin majiyyaci

Duk maganar bincike a Arewa takan tuno da abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200 a tsakiyar annobar sanƙarau. Yara 11 sun rasu, an yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin ya musanta aikata laifi, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano kan dala miliyan 75. Tabon da lamarin ya bari a zukatan jama'a bai gama gogewa ba.

A yau Najeriya na da kwamitin ƙasa mai sa ido kan ɗa'ar binciken lafiya, da kundin ƙa'idojin da ya fara aiki a 2007, kuma manyan asibitoci na da nasu kwamitocin. Ƙa'ida ta tanadi cewa a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa ba tare da tilas ba, a ɓoye sirrinsa, kuma yana da ikon janyewa a kowane lokaci ba tare da an rage masa kulawa ba. Yawancin binciken bibiya ma ba ya ƙunsar ba da sabon magani, tambayoyi ne da awo da gwajin jini ko fitsari. Duk da haka, haɗin gwiwa na gaskiya na buƙatar a dawo wa al'umma da sakamakon, masana na gida su kasance cikin masu tsara aikin, kuma wanda aka gano yana da matsala a tura shi inda zai samu magani.

Abin da ya nuna alamar amfani

Ba kowace dabara ce ta yi nasara ba. A Jamus, wani gwaji da aka wallafa a 2016, inda aka horar da likitocin unguwa da jami'an bibiya don kula da masu tsira daga sefsis, bai inganta lafiyar tunaninsu yadda aka yi fata ba. A Amurka kuwa, wani gwajin da ya fito a 2022 ya nuna cewa sanya ma'aikaciyar jinya ta riƙa bibiyar majiyyaci ta waya na kwana 30, tana duba magungunansa da sababbin alamomi, ya rage mutuwa ko komawa asibiti daga kashi 33.3 cikin 100 zuwa 28.7.

A Kenya da Yuganda an gano cewa ba yaran da aka sallama bayan ƙarancin jini mai tsanani maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na 'yan watanni ya rage mutuwa ko sake kwanciya da kimanin kashi 35 cikin 100 cikin wata shida, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya. A Yuganda kuma ana amfani da wani tsari da ke tantance yaron da ya fi shiga haɗari tun ranar da aka kwantar da shi, a wayar wa uwarsa kai kafin sallama, a kuma ba ta takardar zuwa asibiti mafi kusa da gida a wasu ranaku da aka tsara. Ƙa'idojin kula da sefsis na duniya da aka sabunta a 2021 ma sun ware sashe guda kan abin da ya kamata a yi bayan sallama.

Abin da iyali za su kiyaye

Kafin a bar asibiti, yana da kyau mai jinya ya tambayi likita sunan cutar da ta haddasa ciwon, ko ƙoda ta taɓu, waɗanne magunguna za a ci gaba da sha, waɗanne aka dakatar, da ranar dawowa. A adana takardar sallama, a nuna ta a duk asibitin da aka je daga baya. A shanye magani har ƙarshe ko da an ji sauƙi, a kuma guji sayen magungunan kashe ƙwayoyin cuta ko na ciwon jiki a kemis ba da umarnin likita ba, domin wasunsu na ƙara wa ƙoda rauni.

A gida, majiyyaci na buƙatar abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nono da gyaɗa, da motsa jiki kaɗan-kaɗan ana ƙarawa kullum. Jariri a ci gaba da ba shi nonon uwa, a kammala masa allurar rigakafi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a kuma lura da jinsa da girmansa. Mantuwa, saurin fushi, mugun mafarki da rashin barci na cikin abubuwan da aka sani suna biyo bayan sefsis, ana kuma iya taimaka wa mai su a asibiti, don haka bai dace a ɗauke su a matsayin raki ko lalaci ba.

Idan zazzaɓi ya dawo, ko numfashi ya yi sauri, ko hankali ya rikice, ko fitsari ya ragu, ko ƙafafu suka kumbura, ko yaro ya ƙi kama nono, ya yi jijjiga ko ya yi laushi, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A kuma shaida wa ma'aikacin lafiya na farko da aka tarar cewa wannan mutum bai daɗe da tashi daga sefsis ba.